Bridget da Ta Ƙi Sa Hannu

Ranar Lahadin da dattijo Yunusa ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar sujada, goshinsa ya bugi benci, duk coci sai aka juya ana kiran Bridget. Ai a asibiti take aiki, ai likita ce! Matan zumunta suka turo ta gaba da dogon takalminta. Ta durƙusa, ta ga jini, ta ce "Yesu," ta zube a kan dattijon. Mutum biyu aka yi wa fifita ranar. Shi ya riga ta tashi ma, har yana tambaya ko likitar ta farfaɗo.

To, ba laifinta ba ne. Mu 'yan unguwa a Kafanchan mu muka naɗa mata likita, ita ba ta taɓa cewa ba. Marainiya ce. Ƙanwar uwarta, Mama Asibi, ita ta riƙe ta, da cittar da take sarowa a Kwoi ta kai ta har jami'a. Abin da ta karanto kuwa, mun tambaya har mun gaji. A ƙarshe ta ce awo take yi.

"Awon me, Sista? Masara?"

Wai a babban asibitin da take aiki a birni akwai injin gashi na masu ciwon daji. Injin yana harba wani haske da ido ba ya gani, ya ƙona ciwon. In ya gaza, ciwo ya dawo. In ya wuce, ya ƙona mai ciwon. Ita ke tsare da wannan. Tana da wani abu kamar biro mai dogon waya, a bakinsa akwai ɗan daiman, wato lu'ulu'u, da aka yi a masana'anta, ƙwayar acca ma ta fi shi kauri. Sai ta nutsa shi cikin tankin ruwa, ta kunna inji, lamba ta fito a kwamfuta. In lamba ta yi daidai ta sa hannu, a shigo da marasa lafiya.

Tun daga nan muka koma kiranta Madam Daiman. In ta sauko daga okada da ledar biredi sai mu ce, "Madam Daiman, ina motar?" Ta ce tana cikin tanki.

Sai ciwon ya kama Mama Asibi a nono. Aka yi mata aiki, aka ce saura gashi. Wata huɗu tana layi, don Bridget ba ta iya tsallake layi ba ko na famfo. Da ranar gashin ta matso, Mama ta ɗinka sabon zani, ta tafi birni da kwano da tabarma.

Saura kwana biyar, Bridget ta nutsa abin awonta kamar kullum. Lamba ta wuce. Ta sake, lamba ta gaza. Kwana uku tana awo, injin yana rawa, yau sama gobe ƙasa. Wani ƙarfe ne ya lalace a ciki, kuma sai daga ƙasar waje.

Oganta ya kira ta ofis. "Bridget, ɗan kaɗan ne fa. Ki sa hannu. Ba mamanki na ciki ba?"

Ta ce tana ciki. Ta mayar da biro aljihu.

Aka rufe ɗakin gashi. Ta buga waya duk inda ke da irin injin, wani nasu ya mutu, wani layinsu ya kai wata shida. Ita da kanta ta naɗe wa Mama tabarma.

"'Yata," in ji Mama Asibi a tasha, "ki sa musu hannun mana. In ƙonawa ce, ai ƙonawar na zo."

"Mama, mutum arba'in ne a layin. Akwai yarinya 'yar shekara tara da za a gasa wa kai."

"Ita ce ta goya ki?"

Bridget ta riƙe mata jaka har mota ta cika.

Sati goma sha ɗaya ƙarfen yana hanya. Duk Asabar Bridget tana zuwa, ta wanke ciwon, ita da jini ke kayarwa, ta fita bayan gida ta yi amai ta dawo ta ci gaba. Mu ma bakinmu ya mutu, ba wanda ya ƙara tambayar mota. Mama ta daina yi mata magana sai "ba ni ruwa." Ranar da aka gyara inji, Bridget ta auna, lamba ta zauna cif, ta sa hannu. Likitoci suka duba Mama suka ce ciwon ya shiga huhu, gashi ba zai yi komai ba. Wasu da ke layi aka gasa. Mama ta rasu kafin Kirsimeti.

A zaman makoki, bayan matan zumunta sun ajiye tukwanensu na kiɗa, Kawu Jason, yayan marigayiya, ya miƙe da jar hula. Mutum ne da in ya samu taro ba ya barinsa ya tafi a banza.

"Jama'a, mu faɗi gaskiya a gaban Allah. Mun tura yarinya makaranta, ta dawo ta rufe wa uwarta ƙofa. Hannu kawai! Ko ni da na tsaya a aji huɗu na iya sa hannu."

Wasu suka ce haka ne. Wasu suka duba ƙasa. Bridget tana raba shinkafa. Ta ajiye cokali, ta goge hannu a zani, ta zo har gabansa ta ɗan rusuna yadda aka koya mata.

"Kawu, gaskiya ne. Ni na rufe inji sati goma sha ɗaya, kuma ina da lambar da ta sa na rufe. Kai ranar da Mama ta fara nuna maka ƙullutun, ka ce asiri ne, ka kai ta gidan addu'a shekara ɗaya da rabi ana shafa mata man zaitun. Da me ka auna naka?"