Kibod ɗin da na gyara wa Baba

Sati biyu na zo yi a Salaga, na wayi gari na shiga wata na bakwai. Matata da 'yata suna Bawku, shagona na gyaran kwamfuta yana kulle, ni kuwa ina ɗakin soro ina dama wa mahaifina kunu. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi a rumfar doya, ya tafi da hannunsa na dama, ya tafi da bakinsa gaba ɗaya.

Ba rashin kuɗin mota ya riƙe ni ba. A gidanmu, tun zamanin da kakanninmu ke fataucin goro, ba mai kama hanya sai ya durƙusa gaban maigida, maigida ya ɓare goro ya ba shi rabi, ya ce da bakinsa, "Je ka, a sauka lafiya." Yayana ya taɓa raina wannan, ya hau lori ba sallama, aka kawo mana gawarsa daga hanyar Yendi. Tun daga nan ba wanda ke wasa da maganar, har ni mai cika baki da boko.

Na gwada ƙanen mahaifina, wanda muke kira Baba Ƙarami. Na ce shi ya sallame ni mana.

"Ɗana, maigida yana numfashi zan karɓi bakinsa? Rufa mini asiri."

Na ce to ai Baba yana gyaɗa kai.

"Gyaɗa kai ba magana ba ce. Ko an tambaye shi rana ta faɗi, gyaɗawa yake yi."

Haushi ya cika ni, amma gaskiya ya faɗa.

Ina da wata jaraba da mutane ke yi mini dariya a kanta: tara tsofaffin kibod na kwamfuta. Ba irin na roba masu lagwadar nan ba, irin na da, masu nauyi, waɗanda kowane maɓalli ke da sifirin ɗinsa a ƙasa, in ka danna ya amsa maka ƙwas. Goma sha ɗaya gare ni a Bawku. Wasu daga tulin gwanjo na tono su, ɗaya wani tsohon akawu a Yendi ya ba ni don ya gaji da ƙararsa. Nakan cire maɓallan ɗaya bayan ɗaya, in jiƙa su a ruwan sabulu, in bi da tsohon burushin haƙori, in ɗiga wa kowane sifirin mai da tsinke. Matata takan ce ko kaji nake kiwo da yanzu mun ci ƙwai.

Ita na kira na ce ta ba direba kibod ɗin akawun Yendin ya kawo mini, da ledar sifirin da ke cikin akwati.

"Kai, kibod za ka tambaya? Ba za ka tambaya mu ba? Na gaji paa. Ƙarfe shida ya yi, kafiu, dokar hana fita, kowa ciki, ni da yarinya kawai."

Ban musa ba. Na ce ta yi haƙuri, wannan kibod ɗin shi zai dawo da ni gida.

Yatsa ɗaya ne a hannun hagun Baba ke da ɗan ƙarfi, kuma maɓallan sun fi ƙarfinsa. Na kwance kibod ɗin kaf a kan tabarma, na sauya sifirin ɗin da masu laushi, na narka dalma na gyara biyun da suka mutu. Da na kai masa sai ya zuba wa haruffan ido kawai. Nan na tuna, don wauta irin tawa, cewa mutumin nan bai taɓa rubuta boko ba, da ajami yake rubuta komai. Na koma na kankare maɓallan, na samo farin fenti da tsinken ashana, na zana haruffan Larabci manya-manya, na saita tsohuwar kwamfutata ta karɓe su. Kwana goma sha biyu na yi a kan aikin.

Kalmar farko da ya rubuta ita ce "gishiri". Ashe wata bakwai muna ba shi miya salam. Gidan ya kaure da dariya da kuka, Baba Ƙarami ya yarda cewa wannan magana ce, tunda daga ransa ta fito. Baba ya tambayi farashin doya. Ya ce a canja masa matashi. Ya rubuta wa Baba Ƙarami "malalaci", ya yi murmushin gefe guda.

Kashegari da hantsi na haɗa jakata, na sa farin goro a faranti, na durƙusa.

"Baba, ina neman sallama. Iyalina suna jirana."

Yatsan ya daɗe yana yawo, sannan ya danna: "Gobe."

Na yi godiya. Da gari ya waye na sake durƙusawa, ya sake rubuta "gobe". Haka muka yi kwana tara. Na fara tsanar ƙarar kibod ɗin da na gyara da hannuna. Har na zauna wata rana da leda a cinya ina tunanin mayar da sifirin masu taurin, kowa ya huta, sai kunya ta kama ni na tashi.

A rana ta goma na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi masa ba.

"Baba, in ba za ka sallame ni ba, ka faɗa mini kawai! Ni ma uba ne!"

Bai dube ni ba. Ya jawo yatsan da ƙyar, ƙwas, ƙwas, ina bin haruffan a fuskar kwamfutar daga dama zuwa hagu. Mutumin da ya raka ɗansa na fari kabari ido a bushe ya rubuta: "Ina tsoro."

Na ture farantin gefe, na zauna a bakin gadon, na riƙe hannun. Matata ta kira sau uku a ranar. Ina kallon wayar tana haske, ban ɗauka ba, don ban san da wane baki zan gaya mata ba.