Allurar Warwara da Mataccen Filash

A unguwarsu babu mai kiranta da sunan yanka. Warwara ake ce mata, tun ranar da aka ɗinka mata sabuwar riga tana 'yar firamare, ta laɓe a bayan ƙofa ta warware hannu ɗaya da reza, wai tana so ta ga yadda tela ya haɗa shi. Ta sha duka, ba ta daina ba. Agogon bangon mahaifinta, tocila, kwaɗon akwatin kakarta, duk sun ɗanɗana. Aka ce ɓarna ce. Ƙarya ne, ba ɓarna ba ce. Da namiji ne ya yi haka, da tuni an ce injiniya za a yi a gidan. Da yake mace ce, sai aka ce hannunta ba ya zama wuri ɗaya, aka tura ta koyon ɗinki ko ta nutsu.

Ta yi aure, ta haifi 'ya'ya, furfura ta fara leƙowa, sannan ta mallaki abin da ta fi so a duniya: wani tsohon injin surfani mai kwamfuta, na hannu, wanda ta kafa a ɗakin da ke kusa da ƙofar gida. Za ka zuba masa zane a filash, ka soka a gefensa, ka ɗaura yadi a firam, shi kuma ya yi ta caka allura har fure ya fito. Da shi take yin bajon rigunan makaranta da wuyan rigunan mata. Sai dai injin yana da taurin kai irin na tsofaffi. Filash ɗaya tak yake karɓa, wani ƙarami mai launin toka da ya zo da shi. Ta sayo sababbi, manya masu sheƙi, ta soka, ko kallo ba su ishe shi ba. Duk suna nan cikin gwangwanin maɓallai.

Tsoron kada ƙaramin ya ɓata ya sa ta ɗaura masa jan ƙyalle mai tsawo. Ƙyallen ne ya ja mata. Wata rana injin yana tsakiyar ajiye zane, firam ya zagayo ya kamo ƙyallen, ya fizge filash ɗin ya yar a ƙasa. Daga ranar injin bai ƙara ganinsa ba. A kwamfutar 'yarta ma ƙara kawai yake yi idan an soka, ba ya buɗewa.

Injin ya zauna lulluɓe da tsohon zani, masu kawo aiki suka fara canja hanya. Maigidanta, tsohon direba da ya koma sayar da tayoyi, ya daɗe yana kwaɗayin ɗakin.

"Ƙarfe ne kawai yanzu," ya ce mata da safe yana shan shayi. "Na yi wa mai gwangwan magana, zai zo da la'asar ya ɗauka."

"Malam, janaretonka da ya mutu tun yaran nan suna rarrafe yana nan a tsakar gida, ban kira masa kowa ba."

"Wannan gyara za a yi."

Ta miƙe. Ta yafa mayafi, ta ƙulle filash a bakin zani, ta nufi layin masu gyaran waya inda ƙaninta yake da shago. Auta suke ce masa, duk da sanƙo ya cinye masa rabin kai. Teburinsa cike da gawarwakin wayoyi, ga fitila mai gilashin ƙara girma, ga ƙaurin dalma. Ya soka filash ɗin a kwamfuta, ya zare, ya miƙa mata.

"Ya mutu, Yaya. Ki sayi sabo."

"Kullum maganarku ke nan, a sayi sabo. Me ya mutu a cikinsa?"

"Yaya, ina da aiki."

"Na goya ka kana min fitsari a baya, ni ma ina da aiki a lokacin. Buɗe mu gani."

Ya yi ajiyar zuciya, ya ɓare murfin. Warwara ta jawo kujera har gwiwarta tana dukan teburin. Wani ɗan koren faranti ne a ciki, ɗauke da baƙaƙen abubuwa biyu masu siraran ƙafafu. Auta ya nuna babban, ya ce nan ne sito, inda ake ajiye kaya. Ƙaramin kuwa shi ne mai gadi, kwantirola, shi ya san hanyar shiga da inda aka ajiye komai.

"To ya ƙone ne?"

"Bai ƙone ba. Karatun da aka ɗora masa daga kamfani ne ya rikice da aka fizge shi. Yana nan tsaye, amma ya manta aikinsa."

"Wanda ya manta ai sake koya masa ake yi, ba a binne shi."

Auta ya sosa sanƙo. Ya ce ana yi, fulashin suke kiransa, amma duk abin da ke sito zai goge. Ta ce zanenta yana kwamfutar 'yarta, ita filash ɗin take so. Ya ce kuma idan aka ɗora masa karatun wani, ya tafi ke nan har abada. Ta ce ai yanzu ma ba hira yake yi da ita ba.

Suka sa shi ƙarƙashin gilashi. Rubutun da ke bayan kwantirolan ya kusa gogewa, ita ta karanto lambobin, idon da ya saba da zura zare. Ya nemo manhajar da ta dace da su, ya buɗe, ya soka. Manhajar ba ta ga komai ba.

"Saura dabara ɗaya," ya ce. "A haɗa ƙafafun sito guda biyu da ƙarfe daidai lokacin sokawa. Mai gadin zai ga babu sito, sai ya tsaya ya saurari umarni."

Ya gwada da hantsakinsa, bakin ya yi kauri, yana taɓa ƙafafu huɗu a lokaci guda. Warwara ta zaro allura daga gefen mayafinta.

"Matsa. Waɗanne biyun?"

Ta kwantar da tsinin a tsakaninsu, hannunta ko motsi. Ya soka, ya ce ta ɗaga. Wani layi ya bayyana a allon. Auta ya gyara zama, yanzu shi ma abin ya kama shi. Ya duba lambar siton, ya sake dubawa, ya yi bisimilla ya danna. Wani siririn zare ya fara tafiya a allon a hankali. Ita kuwa idonta yana wani gefe, inda ta ga gurbin da aka rubuta girman filash ɗin.

"Wannan fa, ana canja shi?"

"Ana yi. Da shi macuta suke rubuta wa ƙarami girman ƙarya su sayar."

"Allah ya isa. To a rage fa? A ce wa babba shi ƙarami ne?"

Auta ya girgiza kai. "Ban taɓa ganin wanda ya nemi a rage masa ba."

Allon ya yi kore. Filash ɗin ya buɗe, wayam, kamar ɗakin da aka share. 'Yarta ta turo zanen ta waya, ya zuba, ya mayar da murfin, ya naɗe shi da salatif tunda ya tsage.

Ta iso gida ta tarar da kurar mai gwangwan a ƙofa, Malam ya riga ya yaye zanin, suna neman inda za su kama.

"Ku dakata."

Ta sa almakashi ta datse jan ƙyallen, ta soka, ta kunna. Injin ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan fure ya fito a allonsa. Ta ɗaura ƙyalle a firam, allura ta fara caka, ƙarar da unguwar ta kwana biyu ba ta ji ba.

Mai gwangwan ya dubi Malam. "Alhaji, ni fa ba na komawa da kura wayam."

"Ga janareto can," in ji Warwara, ba ta ko waiwayo ba.

Malam ya yi ta ƙunƙuni, amma shi ya kama masa suka ɗora. Da ya dawo ya same ta zaune a ƙasa, ta zazzage gwangwanin maɓallai, reza a hannu, tana ɓare ɗaya daga cikin sababbin don ta karanto wa Auta lambarsa ta waya, a rage masa girma ko injin zai karɓa. Ya tsaya yana kallonta. Sai ya sa hannu a hankali ya ɗauke rediyonsa daga kan taga, ya shige da shi ɗaki.