Hasken da Oga Nwabueze Ya Tura Aba

Shagon Oga Nwabueze yana jikin nawa, a wani lungu bayan Kasuwar Sabon Gari. Ni caja da murfin waya nake sayarwa, shi kuma haɗa bidiyon biki ne sana'arsa. Kwamfuta ɗaya, fanka ɗaya, kofin shayi ɗaya. Matarsa ta daɗe da kwashe yara sun koma Aba. Shi ya ce a Kano aka haife shi, ina za shi?

Abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne haske. Yakan zana ƙyalƙyali, ko hasken kyandir, ko rana tana ratsowa ta taga, a kan fili wayam marar bango. A allon kwamfuta filin yana fitowa da ƙananan gidaje fari da toka, alamar babu komai a wurin. In aka ɗora hasken a kan bidiyo, sai amarya ta fito ta bayansa tsaf.

Wata rana da hantsi ya leƙo.

"Ari, 'yata Adaeze za ta yi aure a Aba."

"Kai, Oga! Yaushe za mu hau mota? Ni ne babban abokin uban amarya."

"Kai da ko Zariya amai kake yi?" Ya yi dariya, sannan ya nuna ƙafarsa da ciwon suga ya kumbura. Likita ya hana shi doguwar tafiya. "Haskena zai je. In ta shigo coci, shi zai sauko mata a ka."

Ya zauna a kan haɗa hasken kamar ba shi da wani aiki. Hawa bakwai ya jera, na ƙirga: ruwan zinare a ƙasa, farin ƙyalli a sama, har da wani siririn haske da ya ce irin na tagar cocinsu ne, inda aka yi mata baftisma. Masu biki uku da suka kawo masa aiki ya mayar, ina gani, ina jin haushi.

Duk rayuwarsa shi yake haɗa haske, shi yake ɗorawa a kwamfutarsa. Bai taɓa aika wa wani ba. Da ya gama, sai ya tura wa mai ɗaukar bidiyon bikin can Aba ta waya, yadda yake tura hoton gaisuwar Lahadi. Bidiyon da aka tura haka kuwa matse shi ake yi, filin wayam ɗin ya koma baƙi.

Bayan biki Adaeze ta turo bidiyon. Ya kira ni, muka tsaya a gaban allo. Ta shigo coci, ta yi kyau ƙwarai. Babu haske.

Ya buga mata, ya sa a sifika.

"Baba, ka yi haƙuri," in ji ta. "Mai bidiyon ya ce da ya ɗora, baƙi ƙirin ya rufe ni gaba ɗaya, shi ne ya cire. An riga an raba wa kowa."

"Ba komai, 'yata. Kin yi kyau."

Da azahar ya ɗora hasken da kansa a kan nasa kwafin. Ya sauko mata a ka daidai inda ya so.

"Oga, mu tura musu wannan, yadda ya kamata!"

"An riga an kalla, Ari. Wa zai sake kallon biki?"

Wani mai sayen caja ya ƙwala min kira, na fita. Na bar shi yana mayar da bidiyon baya, zuwa inda take shigowa.