Ƙyallen da Mai Kunne Ya Cire

Mai Kunne suke ce masa, kuma ba don kunnuwansa sun fi na kowa faɗi ba, ko da yake abokan wasansa sun rantse har wannan ma akwai. Shagonsa ne na uku daga bakin matakala a benen masu kayan waya, ɗan tsukukun wuri da in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya tsaya a karkace. Hedifon ne sana'arsa, da duk tarkacen da hedifon ke buƙata: soson kunne na fata da na yadi, igiyoyi masu baki iri-iri, 'yan robobin da ake cusawa a kan iyafis, da ƙananan na'urorin ƙara sauti da ake maƙalawa a gindin waya. Sayarwa dai kowa na sayarwa a benen nan. Abin da ke sa mutum ya wuce shaguna goma ya zo wurinsa shi ne saurare.

Da kaset ya fara, yana ɗan shekara goma sha tara, a shagon wani mai kwafar waƙoƙi. Yini guda hedifon na kansa, yana tsintar kaset ɗin da ya ja ko ya shaƙe. Kaset ya mutu, faifai ya zo ya wuce, katin memori ma ya ci zamaninsa, shi yana nan daram. Da aka koma jin waƙa ta manhaja, mutum ya biya kuɗin wata ya yi ta saurare ba tare da ya riƙe komai a hannu ba, sai kasuwarsa ta ƙara buɗewa. Za ka kawo masa waya kana ƙorafin hedifon ɗinka ba ya daɗi, ya ɗora a kai, ya rufe ido kamar mai addu'a, can ya ce, "Hedifon ɗinka lafiya lau. Waƙar aka matse. Shiga saitin ka ɗaga ingancin, ka daina yi wa data rowa." A duba a tarar haka ne. Samari har gwada shi suke yi, su sa masa waƙa ɗaya sau biyu, ɗaya a matse ɗaya a sake, bai taɓa faɗuwa ba. Da kunnen nan ya yi aure, da shi ya yi wa 'ya'ya huɗu makaranta. Kuma da ƙarfi yake saurare, don a cewarsa aibi a can ƙasa yake ɓuya, sai an ƙure murya yake fitowa. Shekara talatin da bakwai ke nan yana ƙure murya.

Kimanin shekara biyu da suka wuce, waƙa ta fara dushe masa. Kaurin sautin yana nan, gangar tana dukan ƙirji yadda ta saba, amma sirarun abubuwan nan na sama, ƙarar tsirkiya, kacau-kacau, numfashin mawaƙi kafin ya ɗauki baiti, duk sun yi kamar an lulluɓe su da bargo. Nan take ya san mai laifi. Masu manhajar ne, ɓarayin zaune! Sun ga mutane sun saba, sun rage ingancin a ɓoye, suna karɓar kuɗin babba suna ba da ƙarami. Duk wanda ya shigo shagon sai ya sha wannan huɗubar, ko da robar iyafis ya zo saya. Mutane kuwa suka yarda, wasu har suka bar wannan manhaja suka koma waccan. Shi ma ya bi su ya gwada, ya dawo ya ce duk bakinsu ɗaya.

Wata ranar Talata yana canza wa wani hedifon soso, idonsa ya faɗa kan ɗan siririn ƙyallen da masu ƙerawa ke mannawa a fuskar lasifikar ciki. Ya san aikinsa sarai, shi ke tausasa tsinin sauti don kada ya soki kunne. Ya sa bakin hantsaki ya ɓare shi, ya mayar da soso, ya saurara. Wayyo daɗi! Tsirkiya ta dawo, ko da ba duka ba. Baki har kunne ya wuni ranar. Daga nan ya mayar da abin sirrin shagonsa, duk hedifon ɗin da aka kawo canjin soso ko ɗaurin igiya sai ya ɓare masa ƙyalle, ba ya gaya wa mai shi. Abin haushin ma kyauta yake yi, don a ransa taimakon bayin Allah yake a kan zaluncin masu manhaja.

Wasu sun dawo sun ce sautin ya yi kaifi. Ya ce musu kunnensu ne ya saba da shara, su ba shi mako biyu. Wa zai yi musu da Mai Kunne? Suka tafi suna zargin kansu. Wasu kuma ba su dawo ba sam, bai kuwa lura ba.

A gida ma ba a rasa alamu ba. Matarsa za ta fito daga ɗaki da gudu ta ce, "Haba maigida, butar nan tun ɗazu take ihu a bayanka!" Ya ce usur ɗinta ya lalace, a sayi wata. Ta ce talabijin ɗin ya yi ƙara da yawa, ya ce ita ce ta tsufa ta fara ƙin hayaniya. Jikarsu in ta zo ta yi masa surutu da 'yar muryarta, sai ya ce yaran yanzu ba sa buɗe baki in suna magana. Matar ta taɓa cewa, a hankali, ko za su je a duba. Ya yi mata wani kallo da ya sa ba ta sake ba. Maƙwabcinsa a bene, wani dattijo mai gyaran agogo, katako ne kawai ya raba shagunansu, kuma shekaru Mai Kunne yana mitar cas-cas ɗin agogunansa na hana shi aiki. Wata rana ya leƙa ya ce, "Mutumina, ka kyauta da ka kashe tarkacen nan naka." Mai agogo ya ɗaga kai ya dube shi ta saman tabarau, ya dubi bangonsa inda agogo ashirin ke tafiya, ya koma kan aikinsa.

Sai ga wata malamar firamare ta hau benen da hedifon a cikin jakar yadi. Tsoho ne, babba, ruwan ƙasa, sosonsa ya ruɓe yana zubar da baƙin gari. Ta ce na mijinta ne, ya rasu bara. Ya bar jerin waƙoƙinsa a manhaja, ita kuma ta ci gaba da biyan kuɗin watan don kada jerin ya ɓace, da shi take zama in tana duba littattafan ɗalibai.

"Soson kawai za ka canza, Malam," in ji ta. "Don Allah kada a taɓa komai."

"Kada ki damu, Malama. Sai kin ji shi kamar sabo."

Ya canza soso, ya ɓare ƙyalle.

Kwana uku ta dawo. Ta ce ba ya yi, waƙar tana huda mata kai, ko minti goma ba ta iya yi da shi. Mai Kunne ya saurara, ya ji garau. Ya karɓi wayarta ya shiga saitin, ya nuna mata da yatsa. "Kin gani? A matsakaici kike. Waɗannan mutanen ba su da tsoron Allah. Ki koma babban tsarinsu, wanda ba a matse waƙa." Ta ce da ma a haka marigayin yake ji, kuma da daɗi. Ya ce ai kullum ƙara lalata abin suke yi. Ta tafi ta biya babban tsarin, ita da albashin malanta.

Bayan mako guda ta sake hawowa, wannan karon ba ta zauna ba.

"Na biya, Malam. Ya ma fi da suka. Ni ban san saiti ba, ban san inganci ba, amma shekara goma sha ɗaya ina jin abin nan a kan mijina da a kaina. Ba muryar hedifon ɗinsa ba ce wannan."

Ransa ya ɓaci ƙwarai. A shagonsa, a gaban tebur ɗinsa, wata mai alli za ta koya masa sauti? Ya buga katako ya kira mai agogo ya zo ya raba gardama. Dattijon ya shigo a karkace, aka ɗora masa hedifon, Mai Kunne ya murɗa ƙarar zuwa inda ya saba. Ko daƙiƙa biyar ba a yi ba mai agogo ya fizge shi daga kansa yana yamutsa fuska.

"Kai! Wannan ai allura ce, mutumina."

"Kai da ka ƙare rayuwarka a cikin cas-cas me ka sani?"

"Ban da soso, me ka yi masa?" in ji Malama.

Ya fara bayani, da isa, yadda ya gano maganin abin da masu manhaja suka ɓata, ɗan ƙyalle ne kawai, ba shi da wani amfani. Yana cikin magana ya ga su biyun sun daina dubansa. Malama ta kalli aljihun rigar mai agogo, shi kuma mai agogo yana lalube a ciki. Ya ciro wani agogon hannu na roba da aka kawo masa gyara, fuskarsa na walƙiya, ya riƙe shi a tafin hannu, tazarar kamu ɗaya daga fuskar Mai Kunne.

"Me kuke kallo?" ya tambaya.

Shi dai bai ji komai ba. Agogon na ta ƙara, siririyar ƙarar nan mai shiga ƙwaƙwalwa, har mai shagon gaba ya leƙo. Mai agogo ya danna ya kashe, ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifin. Mai Kunne ya nemi kujera ya zauna. Tsoro ne ya kama shi, tsoro irin wanda bai taɓa ji ba tun da ya fara sana'a.

Matarsa ce ta raka shi asibiti. Aka sa shi a wani ɗan ɗaki, aka ɗora masa hedifon, wani mai araha da shi ba zai ajiye a shagonsa ba, aka ba shi maɓalli ya danna duk lokacin da ya ji ƙara. Da farko ya yi ta dannawa. Can sai shiru ya yi tsawo, yana hango likitar ta gilashi tana murɗa abu tana rubutu. Ta ce sautukan sama sun tafi a kunnuwan biyu, ƙarar shekara da shekaru ce ta cinye su, kuma ba sa dawowa. Abin da ya rage sai a lallaɓa shi. A hanyar gida matar ba ta ce "ai na faɗa" ba, shi kuma ya so ta faɗa ko ya sami wanda zai yi wa faɗa.

Mai Kunne ba ya zubar da komai. Washegari ya jawo wani gwangwani daga ƙarƙashin tebur ya juye, ƙyallaye suka watsu, baƙaƙe da farare da ruwan toka, sun fi ɗari biyu. Ya zauna yana kallonsu. Kowane biyu daga hedifon ɗin wani ya ɓare su, wani da ya yarda da shi, ya tafi gida yana shan suka a kunne yana cewa laifinsa ne. Kunya ta rufe shi. Ya tsinci waɗanda suka yi daidai da faɗin hedifon ɗin Malama, ya sami kala shida. Wanne ne nata, bai sani ba, kuma ba shi da abin da zai gane da shi.

Ya kira ta. Ta zo bayan an tashi makaranta, ta zauna a kujerarsa, shi yana tsaye. Ya manna kala na farko, ta saurara, ta girgiza kai. Na biyu ma haka. Yana ɓarewa yana mannawa, yana kallon fuskarta kamar ɗalibi mai jiran maki. A na huɗu ta daɗe ido a rufe.

"Ya koma?" ya tambaya.

"Ya kusa," in ji ta. "Ban sani ba ko shi ne, ko kuwa na fara mantawa."

Ta sa hedifon a jaka. Ya ba ta haƙuri, ta ce Allah ya ba shi lafiya, ta sauka.

Ko motsawa bai yi daga wurin ba wani mutum ya shigo da fara'a, riƙe da sabon hedifon a kwali. Ya ce daga can ƙarshen gari ya zo, abokinsa ne ya turo shi. Ya sayi wannan da tsada, ya biya babban tsarin manhaja, amma yana so a tabbatar masa ba a cuce shi ba.

"An ce in ka saurara, magana ta ƙare."

Mai Kunne ya dubi kwalin da aka miƙo masa. Ya san zai iya ɗorawa a kai, ya rufe ido, ya gyaɗa kai, mutumin ya tafi da murna, kuma zai iya yin shekaru a haka kafin a gane. Ya mayar da hannuwansa bayansa.

"Soso nake sayarwa, da igiya," ya ce. "Ba na saurare."

Mutumin ya yi turus, ya leƙa waje ya dubi jerin shagunan, ya dawo da kansa.

"Yi haƙuri, Baba, na ɓata hanya ke nan. Ina ne shagon Mai Kunne?"