Doyar Farko a Kafaɗar Kakata

Ranar Asabar da ta wuce ina zaune cikin mota a tashar Utako a Abuja, muna jira ta cika mu kama hanyar Gwagwalada, sai wata lasifika ta fashe da "Haleluya!" daidai kunnena. Ban ko waiwaya ba na gane muryar. Baffana ne, ƙanen mahaifina, cikin kwat mai ƙyalli, zufa har wuya. Shaida yake bayarwa, wai yadda yana saurayi ya tsaya shi kaɗai a gaban dattawan gidansu saboda sunan Yesu. Na ce a raina, ikon Allah, yau kuma ni za a karanta wa wannan labari? Ai ina wurin aka yi.

A wani ƙauye bayan Tungan Maje na tashi. Gidanmu babba ne, da masu salla da masu zuwa coci da masu bin al'adar kakanni, duk a tsakar gida ɗaya. Mai gidan shi ne wan marigayi kakana, muna ce masa Tsoho. Yana da doka guda da ba ta lanƙwasuwa: ba mai ɗanɗana sabuwar doya, ba mai fita da ita daga gida, sai an kai ta farko gindin tsamiyar bayan gida an gai da kakanni. Masu salla da masu coci duk sukan kau da kai har a wuce wurin.

Kakata da tsufanta aka yi mata baftisma. Ba ta iya karatu ba, muryarta kuma ba ta da daɗi ko kaɗan, amma ita ke kiɗan tulu a zumuntar matan coci, kuma in ta fara yabo ba ta san gajiya ba. Abin da ta mallaka a duniya shi ne 'yar gona a bakin rafi, wadda Tsoho ya bar mata bayan rasuwar mijinta. A farkon damina wata shekara ta kwanta ciwo har aka fid da rai. Da ta tashi sai ta ce ta yi alkawari, doyarta ta farko coci za ta kai. Tsoho ya aika mata da magana a fili: in doyar ta ƙetare ƙofar gida kafin tsamiya, to gonar ta koma hannunsa.

Mahaifina yana birni wurin aikin gini, don haka baffa ne namijin da ke kusa da ita. Ba ka san baffa a lokacin ba. Yana da wata ƙararrawa da yake kaɗawa a kasuwa, yana shelar cewa shi ba ya tsoron mutum, ba ya tsoron aljan, ko zaki aka sako masa zai yi masa wa'azi. Mako guda ya yi yana bugun ƙirji a ƙofar ɗakinta.

"Iya, kada ki ji tsoron kowa. Ni zan shige gaba, ke dai ki biyo ni."

Ranar Lahadi da safe ƙasa na ƙamshin ruwan da aka kwana ana yi. Kakata ta wanke doyar, ta sa a ƙwarya, ta ɗora a kafaɗa yadda matan wajenmu ke ɗaukar kaya, don mu ba ma ɗora wa kai kaya. Ta kira baffa. Shiru. Ashe cikin jarumin namu ya murɗa ba zato, ya shige banɗaki. Ta ƙarƙashin zana na hango takalminsa na zuwa coci, an goge shi tas, ƙafafun suna tsaye cak. Mai ciwon ciki dai tsugunawa yake yi.

Ba ta sake kira ba. Tsoho na zaune a zaure, ya gitta sandarsa a bakin ƙofa. Ta durƙusa ta gaishe shi da ladabi, doyar na kafaɗarta.

"Kin ji abin da na ce?" in ji shi.

"Na ji, Baba. Amma da na kwanta Yesu na kira, shi ya tashe ni. Ba zan ɓoye shi ba."

Ya dube ta, sannan ya janye sandar. Ta fita tana rera wata waƙa da ta ƙaga da kanta, da wannan murya tata mai kaushi, tana cewa Mai ba da ruwa, ga doyarka. Har ta kai coci ba ta yi shiru ba. Baffa kuwa cikinsa ya warke daidai lokacin ba da shaida, ya iso yana haki, ya fi kowa ɗaga hannu.

Tsoho ya cika maganarsa, ya karɓe gonar ya ba ɗansa. Ban taɓa raina shi ba, domin abin da ya faɗa shi ya yi. Kakata ta ƙarasa rayuwarta tana saro itace tana sayarwa a bakin titi, kuma ban taɓa jin ta ce da ta sani ba. Ba ta kuma taɓa tona wa ɗanta asiri ba. Ni ce dai ba ni da irin zuciyarta.

Yanzu ƙauyen ya zama unguwa, tsamiyar an sare ta, gonar an yi shaguna a kanta. Masu shaida sun yi yawa a Abuja, kowa da lasifikarsa, kuma wanda ya fi ƙara shi ake ɗauka ya fi bangaskiya. A tasha baffa ya kai ƙarshen labarinsa, yana cewa ya ɗora doyar a kansa ya ratsa dattawa suna ta huci. Fasinjoji suka amsa da amin. Ya biyo motoci yana sa albarka har ya zo tagar da nake, muka haɗa ido.

"Barka da aiki, Baffa," na ce. "Ya cikin? Ya lafa?"

Ya sauke lasifikar a hankali, ya wuce mota ta gaba.