Mangwaron da ya tare rana

A unguwar ba mai kiransa da mai haɗa sola. Malam Sare-Shi ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. In ka kira shi aiki, ba zai taɓa ko waya ɗaya ba sai ya hau rufi, ya kafa sanda, ya auna inuwarta, ya yi ta lissafin inda rana za ta bi.

"Inda kake ganinta yau ba nan za ta dawwama ba," haka yake gaya wa masu gida. "Da sanyi ya shigo za ta kwanta kudu, inuwa ta yi tsawo. Farantin sola ɗaya in inuwa ta hau shi, sauran ma sai su yi sanyin jiki." Daga nan sai ya nuna icen tsakar gidanka da baki ya ce, "Sare shi." Tsofaffi nawa suka yi masa Allah ya isa a zuci, shi ko a jikinsa.

To, shi ma akwai ice a gidansa. Mangwaro ne, matarsa ta shuka ƙwallon da ta sha tana da cikin 'yarsu tilo. Ya yi ta mata tsiya, wai sai ta yi furfura kafin ta ci 'ya'yansa. Ba ta kai ga furfurar ba. Tun da ta rasu, a gindinsa yake zama da la'asar, ƙarƙashin igiyar shanyar da ta ɗaura da hannunta.

Sai likita ya ce 'yar tana da ciwon suga, allurarta kuma dole ta zauna a firji. Wutar gari kuwa sai ta ga dama. Ya hau rufinsa da bazara don ya haɗa wa gidansa sola, rana tana tsaka. Rufin ɗan ƙarami ne, benen maƙwabci ya tare gefe guda, wuri ɗaya ya rage, daidai arewacin mangwaron. Ya kafa sanda, ya yi lissafi, ya ga abin da ya gani. Mutumin da ke hango wa jama'a inuwar watanni gaba, sai ya sauko ya ce wai ba komai, zai yi.

Ina fa! Sanyi na shigowa rana ta kwanta, inuwar mangwaro ta haye farantan, batir ya daina cika. Ya rage rassa, ya ɗaga ƙarafan farantan, duk a banza. Wata safiya suka tarar da ruwa kwance a ƙasan firji. Maganin ya lalace ba su sani ba, sai da 'yar ta kwanta asibiti.

A bakin ɗakin jinya yayarsa ta tare shi. "Kai da ka sare itatuwan mutane ba tausayi, naka ne mai rai? Yarinyar nan fa ita kaɗai marigayiya ta bar maka."

Da aka sallamo su, 'yar ta ga ya ɗauko zarto. "Baba, bar shi, don Allah. Sai in riƙa kai maganin maƙwabta."

"Shiga ɗaki, uwata," ya ce.

Bai yarda kowa ya kama masa ba. Yana cikin yanka zarto ya cije. Ya duba, ashe tsohon ƙullin igiyar matarsa ne, ɓawon icen ya haɗiye shi tun tuni. Nan ya durƙusa ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar da aka fita da ita.

Kashegari kafin azahar batir ya cika taf. A duk aikinsa bai taɓa haɗa solar da ta ja wuta haka ba, kuma bai taɓa tsanar aikinsa irin na ranar ba. Yana tsaye gaban mita 'yar ta fito da wanki a bokiti. Ta nufi inda ta saba, ta ɗaga rigarsa jiƙaƙƙiya, sai ta tsaya da ita a hannu, rana na dukan kanta.

"Baba," ta ce a hankali, "a ina zan shanya?"