An Kori Ɗalha Mai Gyara Daga Inuwa

Kullum da hantsi, in ka tsaya bakin titin Kalgo wajen da motoci ke sauke fasinja, za ka ga Ɗalha ya iso daga Diggi bisa tsohon babur, akwatin kayan aiki ɗaure a baya. Yakan shimfiɗa buhu, ya jera sukudireba da burushi da ɗan famfon hura iska, ya yi bismilla, ya karɓi kwamfutar farko. Kafin ya kwance komai, sai ya kifa ta, ya kara tafin hannu a gindinta kamar uwa mai jin jikin jariri. Haka yake yi tun gashin kansa yana baƙi.

Abu ɗaya ne ya sauya. Da a barandar shagon Atiku mai sayar da kayan waya yake zama, ƙarƙashin kwano, ga soket a bango. Yanzu yana jikin wata katanga, rana na dukan ƙeyarsa, babu wutar da zai gwada aiki. Ya ce da ruwa ya sauka zai tattara ya koma gona. Shi ya sa na ce a rubuta mini wannan. Ban yi boko ba, amma bakina bai mutu ba.

Ga yadda aka yi. Ƙanwata Hadijatu, can Gwandu, ɗanta Abdulgani ya rasu bayan 'yar gajeriyar jinya. Abin da ya bar mata kwamfutarsa ce, irin wadda ake ɗorawa a cinya. A ciki akwai wani hoto mai motsi da ya ɗauki kansa a fadama lokacin yankan shinkafa, yana dariya, yana cewa: "Inna, kin gani? Bana shinkafa ta yi. To ki daina faɗa." Kowace Juma'a Hadijatu takan sa a kunna mata, ta zauna ta kalli ɗanta.

Ta riƙe abin nan kamar yadda ake riƙe babban baƙo. Ta ɗinka masa matashi mai laushi. Tana naɗe shi cikin rigar mamacin. In ta sa turaren wuta a ɗaki, sai ta matso da kasko kusa don shi ma ya samu ƙamshi. Da bazara ta kama, kwamfuta ta fara huci kamar jaki ya hau tudu. Abdulgani zai buɗe baki ya ce "Inna", sai fuskar kwamfutar ta yi baƙi ƙirin. Wata maƙwabciya ta ce a ɗora ta bisa jiƙaƙƙen yashin gindin randa. Allah Ya tsare, ba a kai ga haka ba. Amma Hadijatu ta daina cin abinci. Sai ta shiga ɗaki ta fito, ta shafa abin, ta cire hannu, ta sake shiga. Ta ce mini, "Yaya, zai sake mutuwa a hannuna."

Na ce ta ɗauko mayafi, muka kama hanyar Kalgo.

Ɗalha ya kifa kwamfutar, ya shinshina, ya ɗago kai. "Inna, wa ke yi wa wannan turare?"

Hadijatu ta ce, "Ni. Laifi ne?"

"Ba laifi, sai dai amarya ta shaƙe. Ta nan ƙasa take shan iska. Kin toshe mata hanci da matashi, hayaƙi kuma ya danƙare fankar ciki."

Bai yi mata dariya ba. Ku riƙe wannan. Ya buɗe, ya share, ya hure baƙin da ya taru. Sannan, ba tare da kowa ya roƙe shi ba, ya kwafe hoton nan ya zuba mata a wayarta don kada a wayi gari babu. Hadijatu ta ce idonta ba ya ganin fuskar a waya, ita dai babbar take so. Ya ce to, tunda na'urar ta tsufa, ɗakin kuma na kwano ne, sai an samo mata abin ɗorawa mai fanka, wani faranti da ake ajiye ta a kai yana hura mata iska daga ƙasa.

Atiku na jin haka ya fito da wani cikin kwali mai ƙyalli. "Hajiya, ga na manya. Fanka biyar, ga fitilu shuɗi da ja. Wanga ko a Kano sai wane da wane."

Ɗalha ya ce a bari a gwada. Ya jona, ya kunna hoton. Fitilu suka kama walƙiya kamar motar biki, fankoki suka ɗauki ƙugi. Bakin Abdulgani na motsi, ba a jin komai. Hadijatu ta kara kunne, ta kara, ta ce, "Mi ya ce? Ban ji shi ba."

Ɗalha ya zare. Ya shiga shagon da kansa, ya ɗauko wani daga can ƙasan kanta, baƙi, mai ragar ƙarfe, fanka ɗaya babba a tsakiya. Ya auna faɗinsa da na kwamfutar. Ya duba ko fankar ta yi daidai da ramukan shan iska. Ya ɗora silin zare a kai ya ga inda iskar ke kaɗa shi. Sannan ya kunna. Shiru, sai ɗan sanyi. Muryar yaron nan ta fito tar har ƙarshe: "To ki daina faɗa." Hadijatu ta rufe fuska da mayafi.

Atiku ya ce, "Wancan ai tsohon yayi ne."

Ɗalha ya ce, "Alhaji, ita ba haske ta zo saye ba. Kuma mai fitilun nan daga batirin na'urar yake sha. A gidan da wuta ba ta zama, kafin ta gama kallo ya zuƙe shi."

A gaban mutane ya faɗi haka, ciki har da ɗalibai masu shirin sayen mai fitilu. Suka mayar da shi kan kanta. Washegari Ɗalha ya iso ya tarar an fitar da bencinsa, an sa wa soket kwado.

Kada wani ya ce mini wannan ne karo na farko da ya hana mutum sayen abin banza. Ku tambayi Malama Rifkatu ta firamare. Ta zo da kuɗinta a hannu za ta sayi irin farantin nan, ya duba tata ya ce lafiyarta lau, ta daina ɗora ta kan katifa kawai, ta sa marafan kwalba a ƙarƙashi su ɗaga ta. Har yau da su take aiki. Irin wannan ne ya daɗe yana ci wa Atiku rai. Na ƙanwata ƙarasawa ya yi.

Na je na samu Atiku. Ya ce, "Hajiya, baranda tawa ce." Na ce, "Taka ce, wa ya ce ta ubana ce? Amma masu shigowa shagonka wa suke biyowa? Kai suka sani ko Ɗalha?" Ya juya mini baya yana latsa waya. Na je wajen shugabannin 'yan kasuwar wurin, suka ce za a duba. Ana ta dubawa, bazara na cin mutum.

Ɗalha, kai ne ka ga tsohuwa ta zo da na'ura tana ƙamshin turare, ka gane ba na'ura ta kawo ba. Kai ne ka zaɓi kaya da kunnen uwa, ka san sarai a barandar wa kake zaune. Na ce maka mu muka jawo maka, ka ce, "Haba Inna, bakina ne ya jawo." To Allah Ya bar maka bakin nan. Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka inuwar da babu mai sa mata kwado. Na gode, Hadijatu ta gode. Samarin da ke koyon gyara, ku je ku zauna kusa da shi tun bai tafi ba, ku koyi yadda ake cewa "kada ki saya".

Ku kuma mutanen Kalgo, da ku nake. Duk layin nan babu mai baranda da soket ɗaya? Malamai da ɗalibai da ya cece ku, ina kuke? Kada ku aiko mini da sannu. Ku nemo masa wuri kafin hadari ya haɗu.

Ni da ƙanwata mun riga mun yanke shawara. Duk ranar kasuwa za mu shimfiɗa tabarma daidai ƙofar Atiku, a kan titin da ba nasa ba. Duk wanda ya nufo da kwamfuta a hammata, zan nuna masa katanga. In Atiku ya gaji da ganinmu, ya san inda ya ajiye makulli.

Jiya Juma'a. A Gwandu, Abdulgani ya yi maganarsa har ƙarshe, iska na hura shi daga ƙasa. Ya ce uwarsa ta daina faɗa. Uwarsa ya ce wa. Ni bai ce mini ba.